Wa ya hura wutar Libiya? Musayar waƙa daga Damagaram

Ɗan Birni:

Salamu alaikum. Jiya a fada mun kai dare kan wannan magana, shayi ya ƙare gardama ba ta ƙare ba. Ga tawa, mai amsa ya amsa da waƙa.

Bismillahi zan buɗe zance,
'Yan Damagaram, kan batun Libiya.

Maris na 2011 aka zauna,
A zauren Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ƙuduri mai lamba 1973,
Kare farar hula ce yarjejeniya.

Kwana biyu jirage suka tashi,
Na Faransa, Amurka da Birtaniya.

Daga kare Bengazi sai aka zarce,
Aka koma farautar mutum ɗaya.

Obama ya ce ba sojan ƙasa,
Sai ruwan bom daga samaniya.

Wata bakwai wuta tana zuba,
A Sirte aka kashe Gaddafi bisa hanya.

Tambayata ga shugaban Amurka,
Wa ya ba shi iznin ƙara tafiya?

'Yar Zango:

Yaya, ka faɗi rabin magana,
Rabin da ka bari ina kawowa.

Tankoki sun kai ƙofar Bengazi,
Gaddafi ya ce gida-gida za a bi, ba tausayawa.

Ƙungiyar Larabawa ita ta roƙa,
A hana jiragensa tashi da kashewa.

Najeriya ta ɗaga hannu a zauren,
Gabon da Afirka ta Kudu na marawa.

An yi shiru a Ruwanda a 1994,
Har yau ana jin kunyar tunawa.

Da Obama ya naɗe hannu yana kallo,
Da kai ne farkon mai tsinewa.

Kuma in laifi kake rabawa, Yaya,
Sarkozi na Faransa ya fi kowa zaƙewa.

Direban Agadas:

Ƙanwata, ni hanya na sani,
Zancen zaure ban iya ba.

Na ɗauko mutane daga Dirku,
Kaya bisa kaya, wurin sa ƙafa bai ragu ba.

Jarkunan ruwa naɗe cikin buhu,
Katifa a ɗaure, kuɗin aiki ba a biya ba.

Wani magini da ya shekara a Sabha,
Leda guda ya riƙo, bai ƙara ba.

Muna tafe yana kallon rairayi,
Har Agadas bai ce uffan ba.

Baƙar fata ta zama laifi a can,
An ce sojan haya ne, ba a bincika ba.

Gidajen da ke jiran saƙo duk wata,
A Kara-Kara, ba su sake gani ba.

Shugaba Isufu ya yi musu gargaɗi,
A taron manyan ƙasashe na G8, ba su saurara ba.

Rumbunan makamai suka zauna a buɗe,
Wanda ya fasa ƙofa bai sa mai gadi ba.

2012 Kidal, Gawo, Tumbutu suka faɗi,
2013 Agadas da Arlit ba su tsira ba.

Mai ture katangar maƙwabcinsa,
Ka da ya ce bai san kan wa za ta faɗa ba.

'Yar Zango:

Yaya direba, na ji zafin nan, ni ma muna da wanda bai dawo ba.

Amma wa ya tara makaman a rumbu?
Gaddafi, shekara 42 yana ta sayowa.

Bai bar jam'iyya ba, bai bar zaɓe ba,
Da ya faɗi babu mai karɓawa.

Malam na Garin Malam:

'Ya'yana ku ba ni aron kunne,
Tsoho ma yana da tasa magana.

Tarayyar Afirka ta kawo shawara,
A tsagaita wuta, a zo a zauna.

Zuma na Afirka ta Kudu ya je Tirifoli a Afrilu,
Gaddafi ya ce ya yarda a tattauna.

'Yan tawaye suka ce sai ya sauka,
Da jirage a bayansu, wa zai hana?

Cikin watan nan aka fitar da takarda,
Obama, Sarkozi, Cameron na Birtaniya sun sa suna.

Sun ce babu gobe da Gaddafi a mulki,
Nan aka bar ƙuduri, aka ci amana.

Obama bai nemi yardar majalisar ƙasarsa ba,
Wa'adin dokarsu ya wuce, 60 na kwana.

A 2016 aka tambaye shi,
Wane kuskure ya fi yi masa ƙuna.

Ya ambaci rashin shirin bayan Gaddafi,
Manoman Tilaberi kuwa sun bar gona.

'Yar Zango:

Baba, Allah ya ƙara girma,
Tambaya guda nake miƙawa.

Daren 17 ga Maris, da kai ne shugaban,
Me za ka yi wa masu kukan tserewa?

Malam na Garin Malam:

'Yata, da na tare tankokin nan,
Yadda aka yi ranar 19 da rana.

Da Bengazi ta tsira, na tsai da jirage,
Na kira ɓangarorin biyu su zauna.

Na tambayi Nijar da Cadi da Mali,
Tun da mu ke kusa, mu za mu ƙuna.

Na sa a tsare rumbunan makamai,
Kafin su bi hamada su iso mana.