Taƙaitawar muhawararmu kan Mirwaiz na Kashmir

Jama'a, zancen Umar Faruk, Mirwaiz (wato babban malamin addini) na Kashmir, yankin da Indiya da Pakistan ke taƙaddama a kansa, ya yi tsawo, ga abin da na tsinta:

1. An yarda kowa ya fara sanin tarihi kafin ya yanke hukunci. Mirwaiz Umar Faruk ya gaji limancin babban masallacin Srinagar, birni mafi girma a Kashmir ɓangaren Indiya, yana ɗan shekara 17, bayan an harbe mahaifinsa a 1990. Shi ya fara shugabantar Hurriyat, ƙawancen ƙungiyoyin 'yan awaren Kashmir, a 1993.

2. Yawanci sun ce a karanta labarinsa daga ɓangaren Indiya da na Pakistan duka, domin kowa nasa yake karewa.

3. Inda aka rabu shi ne zaman sulhu. Wasu na yaba masa da ya zauna da Firaministan Indiya na lokacin, Manmohan Singh, a 2005. Wasu suka ce sassauci ne, suna fifita tsaurin marigayi Gilani, wani jagoran Hurriyat, wanda ya ware da nasa ɓangaren a 2003. Nan fa aka yi ta kai ruwa rana, ni kam hujjar masu sulhu ta fi zauna mini.

4. Ɗaurin talalar da hukumomin Indiya suka yi wa Mirwaiz daga Agustan 2019 zuwa Satumban 2023, har ba ya huɗubar Juma'a, ba wanda ya goyi bayan ɗaurin a cikinmu.