Yaron da ya tsira daga hari yana birkicewa da dare: yaya za mu kwantar da shi ba tare da danne shi ba?

Mai kula da yara ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aiki a wani gidan marayu a arewa maso yamma, kuma cikin yaran da aka kawo mana bana akwai mai kimanin shekara 14 wanda 'yan bindiga suka afka wa ƙauyensu, aka kashe mahaifinsa a gabansa. Da rana yaro ne mai shiru, yana cin abinci yana shiga aji, amma da dare idan aka buga ƙofa da ƙarfi, ko babura suka wuce a jere a bayan katanga, sai ya zabura, idanunsa su kafe, ya riƙa jifa da duk abin da hannunsa ya kai. Abin da aka saba yi shi ne maza biyu su danne shi a ƙasa har ya yi laushi, sannan a kulle shi shi kaɗai zuwa asuba. Zuciyata ba ta yarda da wannan ba, domin washegari yakan wuni bai ce uffan ba, kuma abin sai ƙaruwa yake yi. Ina roƙon masu sani su faɗa mini abin da ya kamata mu yi a daidai lokacin da ya birkice.

Ma'aikacin jinya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Abu na farko da zan roƙa shi ne a daina kifar da shi rub da ciki tun daga daren yau, domin idan nauyin babban mutum ya hau bayan yaro ƙirjinsa ba ya iya buɗewa, kuma an sha rasa rayuka ta wannan hanya a gidajen kula da yara a ƙasashe daban-daban. Laushin da kuke gani yana iya zama ƙarancin numfashi ne, ba natsuwa ba. Ku kuma tuna cewa a wannan lokacin jikinsa ya koma daren harin, saboda haka hannun da ya cafke shi daga baya, a wajensa, hannun maharan ne.

Idan ya fara, a fitar da sauran yara a kwashe abin da zai iya raunata mutum, a bar mutum ɗaya da ya fi sabawa da shi ya yi magana, na biyu kuma ya tsaya nesa kaɗan yana lura. Mai maganar ya tsaya ta gefe, kada ya tare ƙofa, hannayensa a fili, ya kira sunan yaron da murya ƙasa-ƙasa, ya faɗa masa inda yake da cewa babu mai taɓa shi, ya maimaita ba tare da gajiya ba. Kada a tambaye shi dalili, kada a yi masa barazana da hukunci. Idan numfashinsa ya fara sauka, a ba shi zaɓi mai sauƙi, ko ruwa ko fita tsakar gida, domin wanda aka taɓa ƙwace wa iko a kan jikinsa yana samun sauƙi idan aka mayar masa da ko ɗan kaɗan ne. Riƙewa sai idan zai ji wa kansa ko wani mummunan rauni, kuma ko a nan na ɗan lokaci ne, fuskarsa a buɗe.

Malamar da ta koyar a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri ta amsa:

Na yarda da ɗan'uwa, sai dai a ganina rabin aikin da rana ake yin sa. 'Yar'uwa, kin riga kin gano ƙofa da babura; ki zauna da shi lokacin da hankalinsa ke kwance ki tambaye shi me yake so a yi masa idan tsoron ya zo. Wata yarinya da na koyar ta ce a bar mata fitila a kunne, shimfiɗarta kuma ta kalli ƙofa, kuma da aka yi hakan firgitarta ta ragu ƙwarai. Kada a matsa masa ya ba da labarin harin. Jagorar taimakon gaggawa ga masu firgici da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta yi gargaɗi a kan haka.

Za a samu masu cewa iskokai ne. Addu'a alheri ce kuma yaro yakan samu natsuwa da karatu, amma ta tafi tare da asibiti, babu duka babu mari. Ba mu manta da gidan Rigasa a Kaduna ba, inda 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 a watan Satumba na 2019, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa, duk da sunan gyaran tarbiyya.

Mai kula da yara ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Matsalar ita ce da dare mutum ɗaya ne ke kwana da yaran, sai an yi ihu maigadi yake shigowa.

Jami'in walwalar jama'a ya amsa:

To wannan shi ne abin da za ki kai wa shugaban gidan a rubuce, Malama, domin mutum ɗaya ba zai iya fitar da yara ya kuma lallashi wanda ya firgita a lokaci guda ba. Ku buɗe littafi da za a riƙa rubuta ranar da abin ya faru, sa'a nawa, me ya gabace shi, wa ya taɓa yaron da kuma abin da ya kwantar da shi, sannan ku tafi da littafin wurin likita. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna da Ƙware ta Sakkwato, akwai kuma na Dawanau a Kano, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare mutuncin mai neman magani. Maigadin ma a zaunar da shi a koya masa abin da ma'aikacin jinya ya bayyana a sama, tunda shi ne mutum na biyu da ke shiga ɗakin.