Neman kalma: me za mu kira peer recovery coach da Hausa?

'Yar Rediyo:
Salamu alaikum jama'a. Ina da shiri na ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shaye-shaye ta duniya, gobe da azahar zan naɗa. Na yi hira da wata baiwar Allah a Amurka, sunan aikinta peer recovery coach. Ita ma ta yi shekaru tana shan ƙwaya, ta daina, ta yi kwas, ta samu takardar shaida, yanzu albashi ake biyanta. Idan aka kawo wanda ƙwaya ta yi wa yawa asibiti, likitoci suka farfaɗo da shi da maganin naloxone, ita ake kira ta zo ta zauna bakin gadonsa. A jihar Rhode Island tun 2014 ake yin haka. Ba likita ba ce, ba ta rubuta magani. Takan raka mutum ganin likita, ta taya shi neman wurin kwana da sana'a, in ya buga waya ta ɗauka. Na rubuta "koci", na goge. Ku taimaka min.

Bazazzagi:
Mai horarwa mana. Ai shi ake cewa a labarin wasanni.

Nas ɗin Dare:
Don Allah a'a. A filin ƙwallo horo atisaye ne, amma in ka haɗa shi da shaye-shaye ya koma bulala. Ku tuna Rigasa a Satumbar 2019, 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga gida ɗaya, wasu da mari a ƙafa, kuma da sunan gyaran tarbiyya aka kai su. Uwar da ta ji "mai horar da masu shaye-shaye" wannan za ta gani. "Mashawarci" kuma yana da mai shi, su ne masu ba da shawara na asibiti da na cibiyoyin NDLEA.

Malam Na Soro:
Madugu. Ba sai an je nesa ba. Madugu uban tafiya: ya bi hanyar Gwanja ya dawo, ya san zango, ya san mashaya, ya san inda 'yan fashi ke tarewa, ayari ya bi shi don ya riga su sanin hanya. A ce "madugun farfaɗowa". Kuma 'yata, ki yi haƙuri, a saƙonki kaɗai na ga koci da kwas. Kakanninmu sun yi fatauci har Salaga ba su ari sunan shugaban ayari wurin kowa ba.

Na Damagaram:
Malam, ranka ya daɗe, kalmar ta yi daɗin ji, amma ta yar da rabin ma'ana. A Faransanci pair aidant ake cewa, kuma nauyin maganar yana kan pair ɗin, wato daidai kuke da shi. Madugu umarni yake bayarwa, ya ce a tashi a tashi. Kuma duk abin da kuka zaɓa ku tuna mu ma muna jin tashoshinku, tiramol kuwa bai san iyaka ba. Kar a yanke a Kano a aiko mana kamar yadda aka saba.

Malam Na Soro:
Wa ya aiko muku? Daidaitacciyar Hausa ba Kanawa suka ƙwace ta da ƙarfi ba, masana suka zauna suka amince. Ku da kuke rubuta ƴa, mu muna rubuta 'ya, mun taɓa hana ku?

Na Damagaram:
Ba ku hana ba, amma in muka yi magana sai a ce karin harshe ne, in kuka yi a ce Hausa ce. Wannan yana mana ciwo, Malam.

Bazazzagi:
In Kano ake gudu a zo Zariya, a nan aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. To jagaba fa? Shi ne na gaban ayari.

Nas ɗin Dare:
Ka faɗi jagaba a rediyo yanzu, kowa Tinubu zai ji.

'Yar Rediyo:
Iyayena, gobe da azahar fa. Wani ya turo min "tubabbe mai taimako" ta bayan fage. Yaya kuka gani?

Ɗan Kurna:
Ban saba magana a nan ba, amma wannan ta shafe ni. Shekara shida na yi ina shan kodin, ina juye shi a robar lemo don kar a gane a gida. Da gwamnati ta hana shi a 2018 ban daina ba, kuɗinsa ne ya tashi, na sayar da keken ɗinkin mahaifiyata. An kai ni wani gidan mari, wata huɗu, har yau tabon yana idon sawuna. Satin da na fito na koma ruwa.

Wanda Allah ya sa ya zama sanadina wani bakanike ne a layinmu, da tare muke sha. Bai taɓa yi min wa'azi ba. Kwanakin farko da jikina ke ciwo, ga zawo ga gumi ga rashin barci, shi ya ce min kwana na uku ya fi tsanani, daga nan zai fara sauƙi, don shi ma haka ya yi. Ƙarfe biyun dare na kira shi ina kuka, ya zo da babur, muka zauna kan dakali har aka kira assalatu. Shi ya kai ni asibiti, ya zauna a benci yana jirana. Da na sake zamewa bayan wata biyar, na zaci zai zage ni, sai ya ce gobe ma rana ce, tashi mu je.

Yaya, kar ki sa tubabbe. Na tuba, tsakanina da Ubangijina ne. Amma kalmar nan 'yan bindiga ake kira da ita a labarai, kuma in an liƙa maka ita, laifinka ake tunawa kullum. Malam, ka gafarce ni, shi ma ba madugu ba ne. Da ya zo min a shugaba da na gudu, don na gaji da masu tsayawa a kaina. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, shi ya sa na gaya masa abin da ban gaya wa likita ba. Ni abokin tafiya nake ce masa.

Nas ɗin Dare:
Allah ya ƙara maka lafiya, ɗan'uwa, ya tabbatar da kai. Abokin tafiya ya zauna min. Abu ɗaya dai: binciken da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka yi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Matan aure na ciki, ina ganinsu a wurin aiki. In aka ce "abokiyar tafiyarsa", kunnen Bahaushe zai kai wani wuri. Kuma wadda aka yi hira da ita mace ce.

Bazazzagi:
'Yar rakiya?

Na Damagaram:
'Yan rakiya ai su ne waɗanda suka zo cika taro ba su da ta cewa. A bar shi.

Malam Na Soro:
Yaro, maganarka ta taɓa ni, Allah ya shirya mana zuri'a. Amma abokin tafiya ba sunan aiki ba ne. Wanda kuka haɗu a mota zuwa Funtuwa ma abokin tafiya ne. Yaya za a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki?

'Yar Rediyo:
Malam yana da gaskiya a nan. A Amurka ma sun raba biyu. Akwai na Alcoholics Anonymous, ƙungiyar masu son daina shan giya da aka kafa a 1935, wanda ke riƙe hannun sabon shiga kyauta. Akwai kuma wannan peer recovery coach ɗin, da tun 2007 gwamnatin tarayyarsu ta ba jihohi damar biyansa daga inshorar lafiya ta Medicaid. Bakaniken ƙanena Ɗan Kurna ya fi kama da na farko. Ga abin da zan karanta: "abokiyar tafiya a hanyar daina shaye-shaye, wato ma'aikaciyar da ita ma ta taɓa sha ta daina, aka koya mata yadda za ta tallafi masu son dainawa." Daga nan sai in riƙa cewa abokan tafiya, jam'i, na kauce wa abin da Nas ta hango.

Malam Na Soro:
Ya yi tsawo. Bayani ne wannan, ba suna ba. Ki yi shirinki da shi tunda lokaci ya ƙure, amma ban janye madugu ba.

Ɗan Kurna:
Yaya, ƙarfe nawa za a sa shirin? Ina so in gaya masa ya kunna rediyo a gareji.