Koyarwa muke ko kiwo? Muhawarar da ta tashi ranar da aka ba da dogon hutu

Malamin Aji Huɗu:
Salamu alaikum jama'a. Yau muka raba sakamako aka ba da dogon hutu, a ofis kowa sai faɗar shirinsa yake, wani zai koma Zariya karatun digirin da malamai ke yi a lokacin hutu, wani zai zauna a teburin POS ɗin ƙaninsa, abokanmu na sakandare kuma sun tafi makin ɗin jarabawa. Ni nawa shirin ɗaya ne tak, zan bi takardata ta taransifa har sai an mayar da ni ƙauye, ko da ƙauyen da mota ba ta shiga ne. Shekarata tara ina koyarwa a firamaren gwamnati a cikin birnin Kano kuma ina faɗa da babbar murya, malamin ƙauye ya fi malamin birni kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Ajina yara sun haura 130 a rajista, benci bakwai ne masu rai, sauran a ƙasa suke zama wasu kan buhu wasu kan silifas ɗinsu, kafin in gama kiran suna an kusa fita tara. Duk Litinin sai mun share kashi da kwalaben kodin da guntayen wiwi da 'yan shaye-shaye suka bari a aji, saboda katanga ta faɗi tun daminar bara. Adaidaita biyu nake hawa zuwa, biyu dawowa, tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da haya ba sa bar min komai. Wallahi ba koyarwa muke ba, kiwo muke yi daga safe har a tashi. Wanda ya taɓa yin irin wannan taransifar dan Allah ya faɗa min ta ina ake bi.

Maman Yara Uku:
Kiwo?? Malam 'ya'yan namu ne dabbobin kenan? Inna lillahi. Ni yarana uku duk makarantar gwamnati suke, da asuba nake tashi in yi musu wanka in ɗaura musu ɗan kuɗin tara a bakin hijabi, ashe garke nake kai wa. Wlh wannan kalmar ta yi min ciwo.

Malamin Aji Huɗu:
Hajiya ki yi haƙuri ba haka nake nufi ba, nufina aikin ya koma tsare su kawai kar su ji wa juna ciwo har lokacin tashi ya yi.

Maman Yara Uku:
A'a Malam abin da ke zuciya shi ke fita a baki. Mutumin da ke kallon yaro a matsayin akuya ta yaya zai zauna ya koya masa baƙi da wasali? Shi ya sa babbar 'yata tana aji biyar amma har yau sunan babanta ba ta iya rubutawa daidai, sai da na sa ta lesin da yamma ina biya daga ɗan kuɗin ƙosai na.

Malamin Islamiyya:
Hajiya a yi a hankali. Kalmar kiwo ba zagi ba ce a addini. Hadisi ne ingantacce a Bukhari da Muslim, dukkanku makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, shugaba makiyayi ne, magidanci makiyayi ne, ke ma kanki makiyayiya ce a ɗakin mijinki. To malami ma makiyayi ne, ban ga laifin kalmar ba.

Maman Yara Uku:
Allah gafarta Malam ba kiwon hadisi yake nufi ba kuma kai ma ka sani. Cewa ya yi "ba koyarwa muke ba", ka koma sama ka karanta.

Jikan Makiyaya:
Ni abin da ya ɗaure min kai duk ku biyun ku kun mayar da kiwo abin ƙasƙanci. Shi ya kawo shi a matsayin aikin banza, ita kuma ta ɗauke shi zagi. Kun taɓa yin kiwo? Ni na yi kafin a sa ni boko. Makiyayi ya san kowace saniya da sunanta da uwarta, idan ɗaya ta ƙi cin ciyawa tun kafin rana ta yi tsaka ya gane, idan ɗaya ta ɓata ba zai kwana a ruga ba. Malam kai ka san sunan yaranka 130 ɗin? Da kiwo kuke yi na gaskiya ai da an ga ƙiba. Kullum Bahaushen birni in zai kwatanta abin raini sai ya jawo mu, mun gaji.

Ɗan Kurna:
Toh fa, an zo wajen. Ɗan Fulani waye ya ambaci Fulani a nan? Mu ma muna kiwo, ragona biyu a soro yanzu haka.

Jikan Makiyaya:
Turka rago a soro kana ba shi dusa ba shi ne kiwo ba ɗan'uwa. Kuma ba sai an kira suna ake gane da wa ake ba. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, ka je ka ga makarantun namu a ƙarƙashin bishiya, ba wanda ya taɓa buɗe muhawara a kansu a nan.

Malamar Ƙauye:
Ku bar ni in yi magana tunda ni ce wacce aka ce ta fi jin daɗi. Shekara shida ina koyarwa a wani ƙauye, mu uku ne a makarantar har da hedimasta, aji shida. Ni ke riƙe aji ɗaya da biyu a ɗaki guda. Yanzu da damina ta sauka rabin yaran suna gona, ranar kasuwa kuwa 'yan matan duk suna talla, sai in zauna da yara goma sha. Daga bakin titi sai ɗan acaɓa, in rafi ya kawo ruwa sai ki tattare zani ki tsallaka da ƙafa, na taɓa yin haka da tsohon ciki. Alawus ɗin malaman karkara da Buhari ya yi alkawari ranar malamai ta 2020 ni dai ban taɓa ganinsa a albashina ba. Ga tsoro, tunda 'yan bindiga suka kwashe 'yan makarantar Kuriga a jihar Kaduna a watan Maris na 2024 duk ƙarar babur da na ji a bayan aji sai gabana ya faɗi, duk da yankinmu lafiya lau. Malam tsalle ɗaya ake a faɗa rijiya, ka yi tunani.

Maman Yara Uku:
Kin ga Malama ke duk wahalar da kika lissafo ba ki ce kiwo kike ba. Allah ya yi miki albarka.

Mai Makarantar Kuɗi:
Gaskiya ɗaya ce, a wajenmu malami ba zai furta wannan kalmar ya kwana da aikinsa ba. Yara 25 a aji, lesin not duk Litinin a kan teburina, wanda ya makara a yanke masa. Matsalar makarantar gwamnati ba mai ita.

Malamin Aji Huɗu:
Yallaɓai nawa kake biyan malamanka? Kuma watan Agusta da ake hutu kana biyan su?

Mai Makarantar Kuɗi:
Wannan tsakanina da ma'aikatana ne.

Ɗan Kurna:
Ba ya biya wlh, matata ta yi shekara biyu a irin makarantun nan, da takardar shaidar malanta ta NCE a hannunta, abin da ake ba ta ko rabin mafi ƙarancin albashi bai kai ba, in an yi hutu kuma babu ko sisi sai an dawo. Kar ka zo nan kana mana wa'azi Alhaji, idan shi kiwo yake ku tatsa kuke.

Mai Makarantar Kuɗi:
Ban san makarantar da matarka ta yi aiki ba, kar ka yi min kuɗin goro.

Masoyin Gwamna:
Ni dai abin da na gani wannan rubutun an yi shi ne don a ɓata wa gwamnati suna. Wane gwamna ne ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano in ba Abba Kabir Yusuf ba, watan Yuni 2024? A maganar mafi ƙarancin albashi a 2024, Tarayya ta ce dubu 70 shi ya ce dubu 71. Malaman BESDA, wato shirin koyar da yaran da ba sa zuwa makaranta, da suka yi shekaru suna aikin sa kai ya ɗauke su aiki na dindindin. Ana ta gyaran azuzuwa ana raba benci. Mutum ya zauna ya ce kiwo, ai wanda ya bar makarantun suka koma turke shi za ka tambaya.

Ɗan Gandu:
Dama na san sai ka sako mu. Wa ya mayar da ilimi kyauta kuma dole a Kano a 2019 in ba Ganduje ba? Wannan cikar da azuzuwa suka yi ai alamar iyaye sun amsa kira ne.

Masoyin Gwamna:
Ka tara yara ba benci ba malami ka ce kyauta, to ai kai ne ka kawo kiwon kenan. Benayen da ake karatu a ciki yanzu ka ɗaga kai ka karanta sunan da ke jiki, Kwankwasiyya za ka gani.

Ɗan Kurna:
Ku duka ku yi shiru, tsohon gwamna Malam Shekarau ai ya riƙe alli da hannunsa, malamin lissafi ne har firinsifal ya yi.

Ɗan Kaduna:
Ku Kanawa kuna lallaɓa malamai ne shi ya sa. Mu a 2017 El-Rufai jarabawar 'yan aji huɗu ya ba su, cikin dubu 33 mutum 21,780 suka kasa cin maki 75, ya sallame su ya ɗebi sababbi. Wanda yake ganin kiwo yake ya ajiye, ga masu digiri nan suna yawo.

Malamar Ƙauye:
Bawan Allah yayata na cikin waɗanda aka kora, shekara ashirin tana aiki, har yau ba ta dawo daidai ba. Kuma sababbin da aka ɗauka wasu ba su aka sake kora a 2022 ba? Kar ka kawo mana wannan a matsayin abin koyi.

Ɗan Kaduna:
Allah ya ba ta haƙuri Malama amma yaran talakawa ma suna da haƙƙi.

Jikan Makiyaya:
Har yanzu ba wanda ya janye maganar raina kiwo.

Malamin Islamiyya:
Ni na kare ta tun farko, har ma ya zo cewa babu annabin da bai yi kiwon tumaki ba. Hajiya ce ta ƙi karɓa.

Maman Yara Uku:
Ba zan karɓa ba Malam, ko a gaban waye. Ya ce 'ya'yanmu ɗalibai ne ya ba mu haƙuri shi kenan. Kuma malamai su ji tsoron Allah, sati nawa za ku yi a gida ana biyan ku, mu kuma yaran na kanmu.

Malamin Aji Huɗu:
Hajiya idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Zangon nan sau biyu muka kira taron iyaye, mutum nawa suka zo? Akwai yarinya a ajina mai ƙoƙari sosai, layin gaba take zama a ƙasa dab da allo saboda idonta ba ya gani daga nesa, na aika a kira babanta har sau uku bai zo ba, ƙarshe ni na kai ta aka duba idon. Wanda ya ɗauki yara dabbobi ba zai yi haka ba. Takaici ne ya sa na faɗi kalmar, saboda na san abin da zan iya yi da yara 40 kuma ina kallon 130 suna wucewa ta hannuna ba su iya karatu ba.

Tsohon Hedimasta:
To 'ya'yana ya isa haka, a matsayina na admin bari in taƙaita a rufe. Na karanta duka. Abin da aka cimma shi ne kalmar kiwo ba ta dace da bakin malami ba kuma Malam ya gane kuskurensa. Hajiya ta yi gaskiya, Malamar ƙauye ta nuna mana irin juriyar da muka sani a da. Maganar siyasa da ta Fulani da ta makarantar kuɗi duk ba su da alaƙa da zancen, na tsallake su. Tushen matsalar kuwa kusan kowa ya yarda tarbiyyar malaman ce ta canza. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai ta Giredi Tu, irin su Wudil da Bichi, shekara biyar ake gasa mutum kafin a ba shi alli, an koya mana yadda za ka raba babban aji rukuni-rukuni ka naɗa monita a kowanne. Tunda aka rufe waɗannan makarantu koyarwa ta zama wurin fakewar wanda bai samu aikin banki ba. Shekara 35 na yi ban taɓa neman taransifa ba. Shawarata ga matasan malamai hutun nan a zauna a gyara lesin not maimakon yawon ofis-ofis.

Jikan Makiyaya:
Baba ka tsallake ni kenan.

Malamin Aji Huɗu:
Ranka ya daɗe Baba da girmanka, amma ba wanda ya yi maganar Giredi Tu sai kai, kuma ni ban nemi aikin banki ba, koyarwa na karanta da son raina. A zamaninku yara nawa ne a aji? Haƙuri na ba Hajiya kuma ina ƙara ba ta, na ba ɗan'uwana makiyayi shi ma. Amma tambayata tun safe ba wanda ya amsa, ta ina ake bin taransifar nan?

Malamar Ƙauye:
Malam in da gaske kake mu yi musanye, ni ma shekara biyu ina neman dawowa birni saboda mahaifiyata ba lafiya, in mutum biyu suka kai takarda tare an fi saurin sa hannu. Amma sharaɗi ɗaya, ka fara zuwa ka ga hanyar a cikin watan Agusta ranar da aka kwana ana ruwa, ni ma zan zo ajin naka ranar Litinin ɗin farko in an koma, kafin a share.