Shawarwarin direbobi kan ƙara hasken fitilar mota

A rumfar wani mai gyaran wayar mota a Ringim, direbobin da ke bin hanyar Kano da dare sun tattauna matsalar fitila, ganin yadda shanu da amalanke ke ɓullowa kwatsam.

Bakinsu ya zo ɗaya cewa kada a fara da sayen sabon ƙwan fitila. A duba murfin fitilar tukuna: idan rana ta dafa shi ya yi rawaya, a goge shi. Tsatsa a wayar da ke haɗe da jikin mota ma tana cinye haske.

Gardama ta fi zafi kan LED, wato sabon samfurin ƙwan fitila. Matasa na sonsa don fari ne tas, ba ya shan batir. Wani dattijo ya ce idan aka cusa shi a fitilar da aka ƙera don halojin, wato ƙwan da aka saba da shi, hasken watsewa yake, ya makantar da mai tahowa, kuma a hazon hunturu idon direba yake dawo wa. Ina ganin gaskiyarsa.

Ƙwan halojin samfurin H4 na asali wat 60 ne a hasken nesa, 55 a na kusa. Mai wat 100 kan narkar da soket idan babu rile (na'urar da ke ɗauke wa makunni nauyin wuta) da waya mai kauri. Bayan kowane canji, a haska bango a saita fitilar.