Hular kwano ta shiga daji da mai ƙafa huɗu, wacce za a saya?

Baban Walida: Salamu alaikum 'yan zaure. An kawo Polaris Ranger ɗaya, ƙaramar motar shiga daji, da babur mai ƙafa huɗu guda biyu don zagayen gona, hanyar kuwa duk kwazazzabo ne da burji. Mutum biyar za su riƙa hawa. Wace hular kwano ta dace?

Sani Walda: Wa alaikumus salam. Wadda ta rufe har haɓa. Ban da hular 'yan gini, ban da rabin kwanon nan na 'yan acaɓa.

Ɗan Agadas: A sayi irin ta masu tseren babur a daji, mai dogon baki da rumfa a goshi, a haɗa da tabarau na ƙura mai soso a gefe. Mai gilashi a jiki ƙura na bi ta ƙasa ta taru a ciki, zufa ta dama ta, direba ya gaji ya ɗage gilashin, ido ya zauna a buɗe ga tsakuwa da ƙaya.

Alhaji Mai Tarakta: Ta masu babur na yarda. Amma Ranger da ke da kejin ƙarfe da bel, me hula za ta ƙara?

Malam Habu Bakanike: Alhaji, ai kejin ne abin da kai ke bugawa. Bel yana riƙe ƙirji da ƙugu, wuya da kai kuwa a sake suke. In motar ta kwanta a gefe, bututun ƙarfen da ke daidai kunne bai fi taƙi ɗaya daga kan mutum ba, kuma ba sai ana gudu ba, taya ɗaya ta zurma a bakin kwazazzabo ya isa. Keji na hana motar danne mutum, hula na hana kejin fasa shi.

Baban Walida, ga abin da za ka duba a shago. Ka bar sitikar da ke bayan hular, kowa na iya buga ta. Ka juya igiyar haɓa, ta gaske mai ƙa'idar Turai tana da ɗan farin ƙyalle da aka ɗinka, da harafin E a cikin da'ira da lambar ƙasar da ta gwada ta: E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya. Doguwar lambar da ke kusa za ta fara da 05 ko 06, kuma 06 ce sabuwar ƙa'ida, wadda ta ƙara gwajin bugun karkace, irin wanda ke murɗa kai. A cikin lambar akwai harafi: P na nufin bakin haɓar an gwada shi yana karewa, NP kuwa baki ne kawai na ado, J buɗaɗɗiyar fuska ce. Kai P kake nema.

Sannan ka zare soson ciki ka ga abin da ke ƙarƙashi. Dole ka tarar da kumfa mai tauri, irin wanda ake tallafe sabon firji da shi a kwali amma ya fi shi ƙarfi, kaurinsa ya kai wajen santimita biyu da rabi ko fiye. Shi ke shanye bugu ta hanyar lotsewa, kuma in ya lotsa ba ya dawowa. Ta jabu soso mai laushi kawai ke ciki, ka danna da yatsa ka taɓo robar waje. Nauyi ma na tona ta: ta ƙwarai na kaiwa kilo 1.2 zuwa 1.6, wadda ka ɗaga ka ji kamar ƙwarya ka ajiye ta.

Sani Walda: Tun 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hula, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya, kasuwa ta cika da kwanon da aka yi don idon jami'i, ba don kai ba.

Usman Kaduna: Malam Habu, ka manta DOT. Polaris daga Amurka take, DOT ce ƙa'idarsu.

Malam Habu Bakanike: Ban manta ba ƙanena. DOT kamfani ne da kansa ke cewa hularsa ta cika ƙa'ida, sai daga baya hukuma ta ɗauki wasu daga kasuwa ta gwada. Ta Turai sai an gwada kafin a ba da lamba.

Usman Kaduna: Amma gwajin DOT akwai sakin ƙarfe mai tsini a kan hular. A daji da rassa da kututture wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada a raina ta.

Ɗan Agadas: Da yawa suna ɗauke da duka biyun, ku daina ja.

Maman Sadiq: Kuna ta lamba, ba wanda ya yi maganar awo. Mutum biyar hula biyar, kowa da tasa. A ɗauki tef ɗin tela a zagaya kai, yatsa biyu sama da gira, ta bi saman kunne da tudun ƙeya. Santimita 55 zuwa 56 S ce, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL, ko da yake kamfanoni na ɗan saɓawa. Sabuwa ta matse kumatu, soson zai saki da kansa. A bar ta a kai minti goma sha biyar, in goshi ya yi ja ko wuri ɗaya na zafi, siffar ce ba ta dace ba, a canza kamfani, kada a ƙara girma. A ɗaure igiya har yatsa biyu kawai ke shiga, wani ya kama ƙeyar hular ya turo ta gaba da ƙarfi. In ta fita, haka za ta fita ranar haɗari.

Alhaji Mai Tarakta: Wanda ke sa hula ko rawani fa, Hajiya?

Maman Sadiq: Ya cire, Alhaji. Siririn ƙyallen tsotse zufa kawai ake sawa a ƙarƙashi.

Sani Walda: Direban Ranger ya gwada tasa a zaune cikin motar da bel ɗaure. Dogon mutum rumfar goshin na taɓa rufi ko ƙarfen gaba. Yawanci kusoshi biyu ko uku ke riƙe ta, ana iya sauke ta ko kwance ta.

Baban Walida: Na gode. Akwai masu kyau a gwanjo, rabin kuɗi.

Malam Habu Bakanike: Kada ka soma. Wadda ta sha bugu fentinta na iya zama lafiya lau alhali kumfan ciki ya mutu. Ranar ƙira na manne ƙarƙashin soso, masu ƙera su kan ce a canza bayan shekara biyar na aiki. Kuma a gaya wa yara kada su goge ta da fetur ko su kife ta a kan tanki, fetur na cinye kumfan. Ruwa da sabulu mai sauƙi, a shanya a inuwa.

Usman Kaduna: Baban Walida, iska nawa aka sa wa tayoyin baburan? Masu faci na bankama musu irin ta mota, alhali yawancinsu wajen PSI 5 suke so a ma'aunin iska. Taya mai tauri ce ke sa su tsalle a burji.

Ɗan Agadas: Ma'aunin masu faci ba ya karanta ƙasa haka daidai. Akwai ƙarami da kan zo cikin jakar kayan aikin babur ɗin, a duba ƙarƙashin kujera.