Dan Allah a warware min: raise, rise da lift duk ɗagawa ne ko da bambanci?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ni da rana ina zaman shagon kayan gini ne, da yamma kuma ina zuwa lesin saboda zan sake zana WAEC, Turanci ne ya kayar da ni wancan karon. Satin da ya wuce malaminmu ya ba mu rubutun wasiƙa akan tsadar kaya, na rubuta "the price of cement has raised" sai ya zagaye raised ɗin da jan biro ya sa risen a sama, can ƙasa kuma inda nace "the boys rose the bags into the lorry" nan ma ya soke ya sa lifted. Na so in tambaye shi amma mun fi hamsin a ajin kuma ana kiran magariba ya fita. Na duba ƙamus a waya ya ƙara rikita ni, raise, rise, lift, elevate, hoist, boost kowanne ɗagawa yake nufi. Dan Allah wanda ya sani ya min bayani da Hausa yadda zai zauna min, wallahi bana so in sake faɗuwa.

Malamin Sakandare:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ka kwantar da hankalinka, abin nan akwai shi a Hausarka. Kana cewa yaro ya tashi, kana kuma cewa na tayar da yaro. To rise shine tashi, abu ne ya yi sama da kansa ba a ambaci wanda ya taɓa shi ba, kamar rana, hayaƙi, ruwan kogi da damina, kwaɓin fanke in ya kumbura, ko farashi. Raise kuma shine tayarwa, dole akwai mai yi da abin da aka yi wa. Shi yasa "the price has risen" daidai ne, in kuma kana so ka ɗora wa wani sai kace "the company raised the price". Misalin da kowa ya sani, a 2024 gwamnatin tarayya ta ƙara mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, nan raised za ka sa tunda akwai wanda ya ƙara. Sannan ka haddace wannan kamar karatun allo: rise, rose, risen, shi kuwa ɗayan raise, raised, raised. Duk shekara a nan nake ganin ɗalibai suna zubar da maki.

Direban Babbar Mota:
Ni ba ɗan boko bane sosai amma lift na san shi a aiki. Shi na abu mai nauyi ne da za ka cicciɓa ka raba shi da ƙasa, kamar buhun simintin nan naku mai kilo 50. Hannu in malami yace a ɗaga raise ne, buhu kuwa lift. Hoist kuma sai da igiya ko sarƙa, kamar yadda makanikai ke rataya inji su ciro shi daga cikin mota, ko yadda ake jan tuta sama a filin makaranta da safe. Kuma in ka rage wa mutum hanya shima lift ake cewa ka ba shi.

Anti Nas:
Ƙanena elevate dai a asibiti muka fi jin sa. Wanda ƙafarsa ta kumbura likita zai rubuta a yi elevating, wato a tara filo a ɗora ƙafar ta ɗara ƙirjinsa tsawo, haka in hawan jini ne za ka ga an rubuta elevated a kati. Ana kuma amfani da shi in an ɗaukaka darajar mutum, kamar alƙalin da aka ɗaga zuwa Kotun Ƙoli. Kalma ce ta manyan takardu, kar ka sa ta a kan buhun siminti dan Allah.

Ɗan Jarida:
Abin da ba a faɗa ba, wasu wuraren haddace su ake ba ruwansu da nauyi. In gwamnati ta ɗage dokar hana fita ko takunkumi lift ake cewa, ka ga mu ma ɗagewa muke cewa. Renon yara raise ne, tara kuɗin gina masallaci ko taimakon mara lafiya raise ne, kawo magana a taro ma raise ne. Boost kuma ƙara wa abu ƙarfi ne, kamar taki ya bunƙasa amfanin gona ko ka biya Facebook su yaɗa tallarka. Na'urar hawa bene a Ingila da nan gida lift ce, a Amurka elevator, WAEC kuma ta Ingila tafi bi sai ka riƙe lift. Ka kula da raze, furucinsu ɗaya da raise amma shi rushewa ne ƙurmus, kamar gobara ta cinye kasuwa.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri, maganar tashi da tayarwa ta shige ni sosai. Malam ga gwaji na yi a bayan rasit yanzu a shago: "When the price of diesel rose, the drivers raised their fares. We lifted the bags and the dust raised." Na yi daidai?

Malamin Sakandare:
Uku sun yi, na ƙarshen ne ka koma gidan jiya. Waye ya tayar da ƙurar a jimlar taka? Ba ka ambaci kowa ba, ita ta tashi, saboda haka "the dust rose". Ka rubuta wasu guda biyar da kayan shagonku, rodi, kwano, fenti, ka turo bayan isha'i in duba maka.